Raƙumi Mai Ƙafa Bakwai

A Tungar Rimi, wani ƙauye da ke bayan Anka, babu wanda ya kai Mas'udu sanin hanyar arziki, babu kuma wanda arziki yake gudu kamarsa. Shekarunsa ashirin da biyu, hularsa kullum a karkace, wayoyinsa biyu amma ɗaya ba ta da batir. Shi ya raɗa wa kansa suna Ciyaman, mutanen gari kuma suka karɓa, don ba su ga abin da za su yi asara ba.

Da ubansa ya rasu, abin da ya bari gona ce da raƙumi guda, wani dogo mai baƙin hali da kowa ke kira Amale. Liman ya zo rabon gado, ya ce raƙumi ba ya rabuwa sai an sayar ko an yanka. Inna Rabi, uwar Mas'udu, ta ce babu sayarwa babu yankawa. Da shi ake huɗar gonarsu, da shi ake yi wa mutane huɗa a samu na cefane, da rani kuma shi ke dakon hatsi zuwa kasuwa. Sai aka bar shi a tsaye aka raba shi da baki, yadda mutanen karkara ke yi: ƙafa biyu na Mas'udu, ƙafa biyu na Inna da ƙannensa mata, Hafsa da ƙaramarsu. Liman ya ce a gaskiya rabon Mas'udu bai cika ƙafa biyu ba, da sauran ɗan ragi, Inna ta ce a bar masa.

Tun daga ranar Mas'udu ya daina ganin raƙumi, ya koma ganin jari.

Zamanin ne zinari ya haukata ƙasar Anka da Bukkuyum. Tun da gubar dalma ta kashe yara aka hana niƙan dutse a cikin gidaje, injina suka koma bayan gari, Mas'udu ya bi su can. Ya ɗauki buhunan dutse bashi wajen Surajo mai inji a ƙasar Bukkuyum, ya jinginar masa da ƙafafun Amale na baya. Aka niƙa, aka wanke, aka samu laka mai kyau. Ya ce ai mai harkar zinari ba ya yawo a ƙasa, ya karɓi tsohon babur wajen Yusufu bakanike a Anka, ya ba shi ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wai don a samu daidaito. Babur ya kai shi Gummi sau ɗaya, ya dawo a bayan mota. A can Gummi ya shiga shagon Maiturare ya kwashi shadda da turare, don Ciyaman ba ya wari, ya bar masa ƙafafun gaba duka biyu. Atine mai tuwo a tashar Bukkuyum kuwa, wadda ta ciyar da shi rani guda tana jiran zinari ya fashe, ta samu ƙafar dama ta gaba.

Dabararsa ɗaya ce, kuma yana alfahari da ita a zuci: mutumin Gummi ba ya zuwa Anka sai da dalili, na Bukkuyum kuma bai san na Gummi ba. In an yi masa maganar bashi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma nasa hanjin ya fi cikin tsawo.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wayar nan mai batir ta hana shi sakat. Kowa maganarsa ɗaya: a biya kafin shuka, ko ya zo ya ɗauki ƙafarsa. Ana haka ya ji a rediyo wani mai sharhi yana cewa a birane mutum kan tattara basussukansa, wani babba ya biya su duka, shi kuma ya riƙa biyan babban a hankali. Mas'udu ya buga cinya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Da safe ya sanar a teburin mai shayi. "Ku ba ku san boko ba. Bashi huɗu ciwon kai huɗu na. In anka haɗa shi wuri guda, ciwon kai guda na, ƙwaya guda ta ishe shi."

"To wa za ya haɗa maka?" in ji mai shayi.

"Masu kuɗɗi mana. Su ka neman irinmu."

"Haɗa da na shayin ga, Ciyaman, tunda haɗawa akai."

Ya fara da wani Alhaji mai sayen zinari a Anka. Alhaji ya saurare shi yana sakace, ya tambaye shi ko yana da mata. Ya ce tukuna. Ɗiya fa? Ya ce ai sai da mata.

"To ina za ni iske ka in ka ɓace?" in ji Alhaji. "Magidanci ko ya gudu, yunwar ɗiyanai na maido shi. Saurayi in ya ji wuta sai Legas. Tashi ka ba ni wuri."

Mas'udu ya fito yana cewa dama kuɗin jahili ba su da albarka. Ya nufi wani ƙaramin banki da ke bakin titi, mai allon suna a ƙofa da 'yan furanni a cikin tayoyi. Aka kai shi gaban Malam Bashiru, jami'in ba da rance, mutum mai haƙuri da farin gilashi. Nan take Mas'udu ya ajiye harshen garinsu ya ɗauko Hausar rediyo.

"Ranka ya daɗe, na zo ne a kan batun haɗakar basussuka, domin bunƙasa tattalin arziki."

"Na wa?"

"Nawa."

"Kana da asusu a nan?"

"Ina da niyya."

"Albashi fa, ko wata sana'a da kuɗi ke shigowa duk wata?"

"Kuɗi na fita dai duk wata. Shigowar ce ake jira."

Malam Bashiru ya cire gilashi ya goge. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Banki ba ya ba mutum kuɗi don yana cikin matsi, sai don ya ga ta inda za su dawo. Matashi irinsa bai daɗe a duniya ba balle a san halinsa, ba shi da abin shiga tsayayye, ba shi da kadara, ba shi da wanda zai tsaya masa. "Kuma ka duba, wanda ya ci bashi huɗu bai biya ko ɗaya ba, me zai sa na biyar ya zama daban? Mu ba mu da tarihinka. Babu wanda ya taɓa ba ka bashi da za mu tambaya."

Duk jawabin nan abu biyu kawai suka shiga kunnen Mas'udu: yarinta da tarihi. Ya ce a ransa waɗannan ai masu sauƙi ne.

Ya fara da yarinta. Ya jira Inna ta tafi gidan suna, ya buɗe akwatinta ya zaro babbar rigar ubansa, fara mai ɗinkin aska, wadda ta ajiye da kanumfari tun rasuwarsa ba ta bari kowa ya taɓa. Ya shafa toka a 'yan gashin da ke haɓarsa, ya ari sanda, ya koma banki yana tari. Rigar ta yi masa yawa har yana taka ta. Ya yi sallama da muryar dattawa, ya ce shi Alhaji Mas'udu ne, shekara arba'in da biyar.

Malam Bashiru ya turo masa wata 'yar na'ura ya ce ya ɗora babban yatsa. Lokacin an fara ɗaukar yatsun mutane a bankuna, Mas'udu kuwa da kansa ya je ya yi layi aka ɗauki nasa a bara, don ya ji an ce za a raba tallafi.

"Kwamfuta ta ce ashirin da biyu."

"Ba ta ƙirga da wahala ba."

"Alhaji, furfurarka na zuba a kan takarduna."

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Mas'udu kuwa ya karkaɗe haɓa ya ce saura tarihi. Wai shi za a ce ba wanda ya taɓa ba shi bashi? Shi da ƙananan hukumomi uku suka shaida! Ya kira Surajo, ya kira Maiturare, ya kira Atine, ya leƙa garejin Yusufu. Ya gaya wa kowannensu magana ɗaya: ya zo Anka ranar Litinin da hantsi, banki zai biya shi a hannu, abin da ake so kawai ya shaida cewa Ciyaman mutum ne da ake ba bashi. Kuɗin mota kuma a rubuta a kansa. Don ya toshe bakin Malam Bashiru gaba ɗaya, ya yanke shawarar kai kadarar da ƙafarta.

Ranar Lahadi aka yi ruwan shuka. Litinin da asuba Inna ta fito ta tarar da shi yana kwance Amale, ga wani ƙunshi a hammata.

"Ina za ka da shi, ƙasa ta jiƙa? Mutum ukku sun ba ni kuɗɗin huɗa."

"Allura za a yi mai, Inna. Gwamnati ta ce dut raƙumin da ba a yi ma allura ba, kama shi za a yi."

"Allah shi kiyaye. Ka maido shi da wuri, ka ji? Shi na abincinmu."

Hafsa tana bakin murhu tana kallon ƙunshin. Ta ga bakin farar riga yana leƙowa, ta jira har ya fita, sannan ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin Inna.

Da hantsi mutanen Anka suka ga abin kallo: Ciyaman bisa raƙumi cikin babbar riga, yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Ya gurfanar da Amale a ƙofar banki, ya ɗaure akala a ƙarfen allon suna. Mai gadi ya ce nan wurin ajiye babura ne. Mas'udu ya ce wannan kadara ce, a yi mata magana da ladabi. Kafin su gama musu kadara ta cinye furannin taya biyu.

Atine ce ta fara isowa, da mayafinta na zuwa biki. Ta zagaya Amale tana murmushi, ta tsuguna ta shafa ƙafar dama ta gaba. "Kai, ƙahwata ta yi ƙiba. Allah shi yi albarka."

Maiturare, wanda ƙamshinsa ya riga shi sauka daga motar Gummi, ya tsaya a kanta. "Baiwar Allah, mi kike shahwa?"

"Ƙahwata."

"Na gaba dut nawa na, dama da hagu."

"Wane irin naka? Tuwon rani guda na ba da a kanta, da man shanu!"

Yusufu ya tsallako titi yana goge baƙin mai a wando. "Ku dakata, ku dakata. Guda cikin na gaba tawa ta, da guda ta baya."

"Ta baya?" Surajo ne, ya sauka daga kan babur, fari fat da ƙurar dutse. "Wa ad da ta baya in ba ni ba? Dut biyun!"

Mas'udu ya shiga tsakani yana baza hannayen riga. "Jama'a, ku kwantar da hankali. Wanga dut ƙaramin kuskure na na lissahi. In munka shiga ciki..."

Mai gadi, da ya ga abin ya fi furanni daɗi, ya ce a bari ya ƙirga. Biyu na mai turare, biyu na mai inji, biyu na bakanike, ɗaya ta mai tuwo. Ya duba yatsunsa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin Amale, ya sake duba yatsunsa. "Bakwai," ya ce. "Ko akwai wasu a gida?"

Masu baburan kabu-kabu suka kashe injina, masu talla suka sauke faranti. Hayaniya ta fito da Malam Bashiru. Mas'udu na ganinsa ya washe baki, ya koma Hausar rediyo.

"Yawwa, ranka ya daɗe! Ka ce ba ni da tarihi, ga tarihi nan mutum huɗu, daga Gummi har Bukkuyum. Ku gaya masa, ban ci bashinku ba?"

"Ka ci!" suka amsa baki ɗaya.

"Ka ji ko? Ga kuma kadara. Banki ya riƙe ƙafafun nan huɗu, ya sallami bayin Allah."

"Sun zama goma sha ɗaya," in ji mai gadi.

Malam Bashiru ya tambayi mutanen ko a cikinsu akwai wanda aka taɓa biya ko da naira ɗaya. Ba a samu ko mutum ɗaya ba, Amale dai yana ta tuƙa. Ya ce to banki ya gode, ya ji tarihi, kuma bai taɓa samun wanda ya kawo shi da kansa har ƙofa ba. Rance dai babu.

Nan fa wuri ya yamutse. Yusufu ya ce tunda ƙafafu ba su isa ba, a kai shi mahauta a yi watanda, kowa ya ɗauki tsoka gwargwadon kuɗinsa. Surajo ya ce ya yarda. Kowa ya kama ƙafar da yake da'awa, Atine da Maiturare suna ja-in-ja a kan guda. Amale, wanda ko a ranar daɗi ba ya son a taɓa shi, ya yi wani ruri, ya fesa wa shaddar Maiturare koren abin da ke bakinsa, ya miƙe da baya ya zubar da Surajo a kwata. Ya fizgi akala, allon banki ya biyo shi yana ƙara a kan titi. Mas'udu ya ruga ya kama, ya taka rigar ubansa, ya kifa, rigar ta yage tun daga wuya har ƙasa. Samari suka tare raƙumi da ƙyar, wani ya ce shi ya san gidan sarkin fawa, ya ruga kiransa.

A nan ne Mas'udu ya dawo cikin hayyacinsa. Sai yanzu ya tuna cewa ƙasa ta jiƙa, Inna ta karɓi kuɗin huɗar mutum uku, kuma in Amale ya shiga mahauta babu abin da zai shiga tukunyar gidansu bana.

Kabu-kabu ya tsaya, Inna Rabi ta sauka, Hafsa a bayanta. Tun da Hafsa ta nuna mata akwati babu riga suka biyo sawun raƙumi suna tambaya. Inna ba ta dubi ɗanta ba. Ta ratsa taro ta karɓi akala daga hannun samari, ta yi wa Amale magana ƙasa-ƙasa, ya gurfana kamar ɗan akuya. Ta sa aka maimaita mata lissafin ƙafafu, ta saurara har ƙarshe. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Uban yaron ga ya yi damina shidda shina tara kuɗɗin raƙumin ga. Ba a yanka shi ina da rai. Ku kuma haƙƙinku haƙƙi na, ba a cinye shi. Ni Rabi ta Tungar Rimi, gidana na bayan masallaci, nan anka kai ni amarya, nan za a ɗauki gawata. Bashin ga dut ya dawo kaina. Abin da raƙumi ya samu na huɗa da dako, rabi naku na har ku ƙare. Mai gona cikinku a yi mai huɗa a cire. Kun yarda?"

Atine ce ta fara haƙura da ƙafarta. "Ni na yarda, Inna. Wallahi da na san da ke, da ban bari ya kai haka ba." Maiturare, yana goge shadda da ganye, ya ce maganar dattijuwa ta fi masa ƙafa biyu. Yusufu da Surajo suka bi. Ba a rubuta komai ba, ba a dangwala yatsa ba. Abin da Mas'udu ya yi makonni yana nema da toka da sanda, Inna ta same shi kafin sarkin fawa ya iso da wuƙarsa.

"Saura sharaɗi," in ji Inna. "Ku shaida, ƙahwa biyun da anka ba shi sun koma ga ƙannenai. Shi kuma shi ka riƙon garma bayan raƙumi, daga gonar farko har ta ƙarshe."

"Inna, Ciyaman guda da garma?"

"Da allon banki," in ji Malam Bashiru. "A sa shi a lissafi."

"Sa shi, ɗana," ta ce.

Taro ya watse ana dariya. Hafsa ta taimaki Inna ta hau, ta kama akala. Mas'udu ya tattara yagaggiyar riga ya ɗaga ƙafa zai hau baya.

"Sauka," in ji Inna. "Wace ƙahwa gare ka cikinsu?"

Ya sauka.

"Tuɓe rigag ga kuma. Mai ita bai taɓa kwana da haƙƙin kowa ba."

Ya tuɓe a gaban masu kabu-kabu, ya miƙa mata. Ta duba yagewar, ta naɗe rigar a hankali ta rungume a ƙirji, ta juya fuska.

Haka suka kama hanyar Tungar Rimi, raƙumi a gaba, Ciyaman a baya da singileti da hula a karkace, a kan ƙafafu biyun da bai samu wanda zai karɓa jingina ba. A bakin gari suka wuce teburin mai shayi, ga jama'a cike ana jiran labari.

"Ciyaman!" in ji mai shayi. "Yaya, an haɗa bashin wuri guda?"

Mas'udu ya gyara hula, ya buɗe baki zai fara jawabi. Sai idonsa ya sauka a kan bayan Inna, ta ɗan rankwafa a bisa raƙumi, tana rungume da rigar.

"An haɗa," ya ce, da wata murya da ba su san shi da ita ba. "Ga mai ɗauke da shi can."